Minti Hamsin Zuwa Agadas

Talata da asuba, tashar mota

Tun kafin ladanin unguwarmu ya yi gyaran murya na fita daga gida a Birni, cikin Damagaram, amma ba tawa tafiyar ba ce ta fitar da ni. Tawa sai ƙarfe goma na safe, kuma ta jirgin sama. Duk wanda ya bi ta ƙofar gidana a kwanakin nan ya ji labari, don ban rage wa kowa ba. Rakiya na yi wa Iya Habsu, uwar surukina Lawali, wadda ta taso daga Mirriya ta kwana a wurina don ta kama kar ɗin Agadas, babbar motar nan mai tashi da asuba.

Ga abin da ya tashe mu. Ƴata ta fari tana aure a Agadas, inda gwamnati ta tura mijinta Lawali aiki. Cikin fari ne, da ya kamata ta zo gida goyon ciki kamar kowace ƴa, amma likita ya hana ta hawan mota. Daga baya suka ce ɗan ya kwanta a gicciye, ba zai fito da kansa ba sai an yi mata aiki, suka yanke ranar Laraba ƙarfe goma na safe. Ran Lahadi bayan isha ta kira ni. Kun dai san yadda uwa take da ƴar fari a wurinmu. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, a ɗakin kakarta ta girma, gida ɗaya muke amma gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Haka aka yi mini, haka na yi, ba ni na ƙago ba. Ita ma tun da ta yi wayo ba ta taɓa roƙona ko allura ba. Ran nan sai ta ce, "Inna, tsoro nake ji. Ina so in gan ki kafin su shiga da ni." Na ce, "Za ki gan ni." Iyakar hirar ke nan.

Da gari ya waye na hau ɗaurin kaya da niyyar shiga kar ran Talata, sai ga wayar Lawali. Yaro ne mai ladabi, ko a waya kana jin ya durƙusa, amma ciwonsa ɗaya: duk abin da ya gani a salula, wayar hannun nan, to magana ta ƙare. Ya ce, "Inna, da wannan gwiwar taki za ki yini a mota? Na duba. Daga filin jirgin Damagaram zuwa na Agadas kilomita ɗari uku da saba'in ne a sama. Minti hamsin. Kafin wake ya nuna kin iso." Ta ƙasa kuwa kilomita ɗari huɗu da hamsin ne, kuma daga Tanut zuwa gaba hanyar suna kawai gare ta. Ya ce zai yanka mana tikiti, ni da uwarsa. Ni na ce to tun bai rufe baki ba. Uwarsa ta ce abin da in ya lalace ba a sauka a tura shi, ba da ita ba.

Ƙin nata ma ya yi mini rana, don jirgi baliz ɗaya, wato akwati ɗaya, ya yarda mutum ya ɗauka, ni kuwa kayan jego na haɗa: gero, kanwa, yaji, daddawa, man gyaɗa, da babbar tukunyar da aka yi wa duk matan gidanmu wanka da ita. Duk na ɗora wa Iya Habsu. A tasha muka tarar da mutane kwance a tabarmi, mai shayi yana ta kaɗa kofuna, ƴan kamasho suna cusa kaya a cikin motar da ƙafa. Na tsaya gefe ina tattare bakin zanena. Da aka idar da salla ta shiga ta zauna, sai ta leƙo ta taga.

"Hajiya, mai kujerar kusa da ni bai zo ba. Ki shigo mu tafi, mu yi magariba a gaban yarinyar nan."

Na yi dariya. "Iya, ki dai yi ta haƙuri da ramuka. Kafin ku yi rabin hanya na yi wanka na huta a Agadas. Tuwon da za ki ci yau da dare ma ni zan tuƙa miki."

Ta ce, "To, Allah ya sa."

Ƙarfe biyar kar ya tashi. Na koma gida ina gaya wa mai adaidaita yadda ƙauyanci ke wahalar da mutane.

Filin jirgin Damagaram

Ƙarfe takwas na isa, cikin sabon leshi, turare har yana riga ni shiga wuri. Maƙwabtana mata uku suka rako ni, jandarma ya tsayar da su a ƙofa, ni ya duba katina ya ce in wuce. Na ɗaga musu hannu kamar mai tafiya Makka.

Wurin shiru kamar gidan da aka tashi. Ba mai ƙosai, ba mai fura, ba ko mai goro. Kujerun ƙarfe ne a jere da fanka ɗaya da ke juyawa don kada a ce ba ta aiki. A bayan tebur akwai wani saurayi da ya shaƙe wuyansa da igiyar nan ta ma'aikatan buro, wato ofis, cikin wannan zafi. Ya ɗora baliz ɗina a sikeli ya ƙura masa ido kamar mai awon zinariya, ya liƙa masa takarda, ya ce in zauna. Na tambaye shi jirgin fa. Ya ce, "Yana hanya, madam."

Kusa da ni wani dattijo ne ya zauna, Alhaji Mamman, mai fataucin fata, wanda ya ce kusan duk wata yana bin wannan jirgi. Abin da ya ba ni dariya kayan hannunsa: tabarma, buta, matashin kai, da kwanon abinci ɗaure a ɗankwali. Na ce, "Alhaji, tafiyar minti hamsin ce fa, ba ƙaura ba."

Ya ce, "Minti hamsin ɗin gaskiya ne, Hajiya. Lokacin da za a fara ƙirgawa ne ba su gaya miki ba." Ya shimfiɗa tabarmarsa a lungu ya kishingiɗa.

Goma ta yi ta wuce. Sha ɗaya ta yi. Na koma wurin saurayin, ya ce ɗan rotar ne, madam. Wato in jirgi ya makara ba makara ba ce, suna ne da shi na nasara, kuma ba a ba kowa haƙuri. Da a tasha ne da tuni fasinjoji sun ci kwalar direba. Nan kuwa manyan mutane ne da jakunkunan hannu, kowa ya sunkuyar da kai a salula, an hana su ruwa an hana su labari, amma ba mai ɗaga murya don kada a ce bai saba da jirgi ba. Ni ma na yi shiru saboda wannan dalilin.

Wajen azahar Iya Habsu ta kira. Sun tsaya salla a Adarbisanat, ta ce ƙugunta kamar ba nata ba, amma kaya lafiya lau. "Ke fa, kin sauka lafiya? Ya jikin yarinyar?"

Na ce, "Yanzu za mu tashi."

"Au. To, Allah ya kiyaye."

Wannan "au" ɗin ya tsaya mini a wuya. Alhaji Mamman ya kwance ɗankwalinsa, ya miƙo mini dambun nama da gurasa. Na ce na ƙoshi. Bayan ya juya baya na ci.

Sai bayan la'asar muka ji ƙugi. Jirgin ya sauka, ɗan ƙarami mai fanka biyu, har wasu suka yi tafi kamar ya yi abin kirki. Muka miƙe muka yi layi. Nan ne saurayin ya fito daga bayan teburinsa, ya gyara igiyar wuyansa, ya ce an canza tsari. Jirgin ya makara tun daga Yamai, don haka ya fara zuwa Agadas ya sauke mutane, yanzu daga can yake, kuma Yamai zai koma ya kwana.

Na ce, "Tsaya, ɗana. Daga Agadas ya fito yanzu?"

"Eh, madam."

"To ka ce masa ya juya mana. Ai minti hamsin ne."

"Madam, jirgi ba adaidaita ba ne."

Na gaya masa gobe ƙarfe goma za a yanka cikin ƴata. Ya ce Allah ya ba ta lafiya, da irin muryar da yake cewa yana hanya. Sannan ya ce akwai mafita: in bi jirgin zuwa Yamai, gobe ƙarfe bakwai zai tashi kai tsaye zuwa Agadas, kafin tara ina can. Na yi lissafi a tsaye. Kar sai gobe da asuba, ya kai da magariba, an gama komai. Ba kuma direban da zai kama wannan hanya da yamma ko nawa za a ba shi. Na kira Lawali. Na ji shiru, na san salula yake tambaya. Ya ce, "Inna, na duba. Yamai zuwa Agadas bai kai awa biyu ba. Ki shiga."

Alhaji Mamman ya naɗe tabarmarsa ya sa a hammata. Na ce, "Ba ka zuwa?" Ya ce shi gida zai koma ya kwana a gadonsa. Na ce a raina, wanda ba shi da ƴa a asibiti ai ya yi barci.

Damagaram zuwa Yamai

Kilomita ɗari bakwai da arba'in ne, in ji wani da ke kusa da ni, wanda shi ma salula ce malaminsa. Wato ninki biyu na tafiyar da ta fitar da ni daga gida, kuma ba ta inda na nufa ba. Ƴata tana arewa, ni ana tafiya da ni yamma, rana tana dukan fuskata ta ƴar tagar nan. Wata budurwa mai jan baki ta raba mana ruwa a kofin da bai isa kurkure baki ba, da biskit biyu a leda. Ta yi mini murmushi ta ce in ɗaure ɗamara. Da ma tun safe a ɗaure nake.

Da magariba muka sauka. Ina kunna waya sai ga Iya Habsu. Na shirya jin maganar tuwon da na yi mata alkawari, har na tanadi amsa. Ba ta ko ambata ba. Ta ce, "Hajiya, na iso, tukunya ko lotsawa ba ta yi ba. Kada ki sa komai a ranki, ga ta nan kusa da ni, na lallashe ta ta sha kunu." Da gori ta yi mini da na san yadda zan yi da ita.

A Damagaram an ce mana kamfani zai ba mu masauki. A Yamai muka nemi wanda ya san da maganar muka rasa, kowa ya ce ba buronsa ba ne. Na kira Saratu, ƴar baffana da ke aure a can, na shiga taksi. Tsakanin filin jirgi da gidanta, da cunkoso da sauke wannan da ɗaukar wancan, mun fi minti hamsin, na duba. Ta tare ni a ƙofa tana riƙe da haɓa.

"Yaya, ba Agadas aka ce mini za ki ba? Ko an matso da ita nan ne ba mu ji ba?"

Na ce ta ba ni buta kawai. Ta kawo dambun zogale da kifin kogi, abin da a wata rana da sai na suɗe kwano. Loma biyu na yi. Ta ce in kira yarinyar mana in ji muryarta. Na ce ai gobe zan gan ta, me zan ce mata a waya.

Laraba, Yamai

A filin jirgi na yi sallar asuba, don kada a ce laifina ne. Nan kam gini ne babba, ga sanyi, ga fitilu, ga wata murya da ke fitowa daga rufi tana magana da Faransanci ta hanci, ba ka tsintar komai sai "madam" da "mushe". Bakwai ta yi, jirginmu yana tsaye a waje muna kallonsa ta gilashi, ba wanda ya ce mu shiga. Wani ya ce mai ake jira, wani ya ce wasu manya ne ba su ƙaraso ba. Na tambayi wata ma'aikaciya, ta ce saura kaɗan. Takwas ta yi. Tara ta yi. Duk wanda ya sa kaya iri ɗaya da na wani na tare shi da tambaya, har mai shara.

Tara da rabi wayata ta yi ƙara. Ƴata ce.

"Inna, kina ina?"

Na ce, "Ina hanya." Ina faɗa na ji muryar saurayin nan mai igiya a bakina.

Sannan ta ce, "Sun kawo gadon da za su tura ni."

Dama da ni wani mutum ne yana karanta jarida, hagu wata mata da ƴaƴanta, ɗakin cike da baƙin ido. Akwai maganganu a ƙirjina, amma ban taɓa yin irinsu da ita ba ko a cikin ɗaki, balle a gaban mutane. Na ce, "Allah ya raba lafiya." Ta ce amin. Daga bayanta na ji muryar Iya Habsu tana cewa, "Kawo hannunki, ƴata, riƙe ni da ƙarfi, har ƙofa zan kai ki." Sai wayar ta katse. Na zauna da ita a hannu ina kallon jirgin da ke tsaye a rana ba ya komai, na ji na tsane shi kamar mutum.

Sai da rana ta take tsaka aka ce mu shiga. Na kira Lawali sau uku kafin a sa mu kashe waya, bai ɗauka ba. Na kira Iya Habsu, ita ma haka. Muka tashi ban san ko ƴata tana da rai ba.

Mun yi fiye da awa ɗaya da rabi a sama, sai na ji jirgin yana yin ƙasa. Na ce alhamdu lillahi, na leƙa in ga Agadas. Duwatsu na gani, manya, baƙaƙe, a tsakiyar gari, irin waɗanda na buɗe ido na gani tun ina yarinya. Na tambayi budurwar mai jan baki ina ne nan. Ta ce Damagaram, madam, za mu ɗauki mutanen jiya. Da tagar tana buɗuwa da na nuna muku rufin ɗakina da shanyar da na manta a igiya.

Aka buɗe ƙofa, aka ce mu na ciki kada mu sauka. Mutum na uku da ya shigo Alhaji Mamman ne, ya sha wanka, babbar riga sabuwar guga, tsinken sakace a baki, tabarma a hammata. Kujerar kusa da ni ce tasa.

"A'a, Hajiya. Ya mutanen Yamai?"

Ya dubi fuskata, ya cire tsinken daga bakinsa, ya tambaye ni ko an yi aikin. Na ce ban sani ba, ba mai ɗaukar waya. Bai ƙara tsokanata ba. Ya ciro carbi ya ce mu yi ta salati.

Damagaram zuwa Agadas

Da ƙafafun jirgin suka bar ƙasa na ce Alhaji ya juyo mini agogonsa. Ina so in ga ƙarshen ƙaryar da idona. Gonaki suka ƙare, ƙasa ta koma ja, sannan fara. Can ƙasa na hango hanyar mota kamar zare, da wani abu ƙarami yana rarrafe a kanta. Jiya war haka Iya Habsu tana cikin irinsa, ana jijjiga ta, tana matsowa kusa da ƴata, ni ina zaune ƙarƙashin fanka da leshi.

To, ba zan zalunce su ba. Minti hamsin ne cif. Salular Lawali ba ta yi ƙarya ba, saurayi mai igiya bai yi ƙarya ba. Tafiyar kilomita ɗari uku da saba'in ce na yi ta a kusan dubu biyu, na kwana a garin da ban nufa ba, na dawo ƙofar gidana, sannan aka ba ni minti hamsin ɗina ba a rage ko ɗaya ba.

Agadas

Lawali yana tsaye a bakin ƙofa. Tun daga nesa na ga haƙoransa, na ce alhamdu lillahi. Ya durƙusa ya ce an yi aiki lafiya, mace aka samu, uwa da ƴa suna nan ƙalau. Wayoyinsu suna cikin jakar Iya ne, ba wanda ya tuna da su. Ya karɓi baliz ɗina, muka nufi mota, sai ya ce, "Amma kin gani ko, Inna? Daga Damagaram minti hamsin daidai." Na dube shi. Albarkacin surukuta ya ci, da kuma albarkacin jikar da ya ba ni.

A matarnite, asibitin haihuwa, na tarar da Iya Habsu zaune a tabarma bakin gado, ƙafafunta a kumbure saboda zaman mota, jaririyar a cinyarta. An riga an yi mata huɗuba, an sa mata dabino a baki, an naɗe ta da zanen Iya, don nawa da na tanada yana cikin baliz yana yawon ƙasa tare da ni. Ta yunƙura ta miƙe, ta sa mini ita a hannu, ta ce, "Ga amanarki, Hajiya, riƙo kawai na yi miki." Ta fita ta ba mu wuri.

Yarinyar tana kwance, ta yi fari fat, leɓɓanta a bushe, robar ƙarin ruwa a hannunta. Da na duba hannun, akwai shatin farcenta a tafinta. Na zauna a bakin gado na hau bayani: yadda jirgi ya makara, yadda ya fara zuwa nan, yadda aka kai ni Yamai, yadda aka dawo da ni gida. Ina ta zuba kamar mai kai ƙara wurin alƙali. Ta saurare ni har na gama, ba fushi a fuskarta ko kaɗan.

Ta ce, "Ba komai, Inna. Da ma ban sa rai sosai ba. Na saba."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na sunkuyar da kai ina gyara wa jaririyar zane, wanda ba abin da ya same shi. Tun da uwata ta rasu ban ji abu ya soke ni kamar kalmomin nan ba, kuma ba ta faɗe su don ta soke ni ba.

Ran suna aka sa wa jaririyar Habsatu. Ba wanda ya yi mini bayani, ni ma ban nema ba. Iya Habsu ta koma Mirriya washegari, a kar. Ni na zauna har aka yi arba'in. Na dama kunun kanwa, na dafa ruwa a tukunyar gidanmu, na yi wanki, na goya Habsatu a gaban kowa, don jika ba a jin kunyarta. Ni da uwarta kuwa ba mu sake tayar da maganar ba.

Komawa gida

Ana saura kwana biyu in taho Lawali ya zo gaishe ni, na ga yana laluben aljihu. Na ce, "In salula za ka ciro, bar ta inda take." Ya ce gwiwata fa. Na ce gwiwar tawa ce.

Ƙarfe biyar na asuba kar ya tashi daga Agadas. Kujerata kusa da wata Buzuwa mai cuku a ƙwarya, bayanmu wani da rediyo, a ƙarƙashinmu buhunan albasa. Shingen jandarmomi uku muka wuce kafin hantsi, a kowane sai an sauka an nuna kati an koma. Kafin Adarbisanat motar ta kafe a rairayi, maza suka sauka suka tura, mu mata muka tsaya a inuwarta muna ba su shawara. Na tuna da Iya Habsu na yi dariya ni kaɗai, har Buzuwar ta matsa. Ramukan da na yi mata gorinsu na ƙirga su da ƙuguna ɗaya bayan ɗaya. A Tanut muka yi la'asar, na ci tsire mai zafi da burodi, na sha shayi a kofin da ya amsa sunan kofi. Duk inda muka tsaya na san sunan garin, kuma duk tsayawa Damagaram matsowa take yi. Ana kiran magariba duwatsun Birni suka bayyana a gabanmu, wannan karon daga ƙasa. Awa goma sha uku, gwiwata ta yi kamar tulu, mai adaidaita da maƙwabcina ne suka kama ni na shiga gida.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya fitar da ni ya dawo da ni, ya raba ƴata da cikinta lafiya ba da ni ba. Na gode wa Saratu da dambun da ban ci ba, na gode wa Alhaji Mamman da dambun da na ci. Iya Habsu kuwa godiyarta ba ta baki ba ce, ran kasuwar Mirriya na je har ɗakinta na durƙusa, abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Saurayi mai igiya da kamfaninsa, na bar su da minti hamsin ɗinsu, su ba mai so.

A daren da na iso, bayan na yi salla na miƙe ƙafa, na ɗauki waya na kira Agadas. Tsakar gida cike take da maƙwabta ƴan sannu da zuwa, ban tashi na shiga ɗaki ba. Ta ɗauka, ina jin kukan Habsatu a kusa.

"Inna, kin isa? Awa nawa kuka yi?"

Na ce, "Sha uku, Mariyama."

Matan da ke tsakar gida suka daina magana. A wayar ta ce, a hankali, "Inna, me kika ce?"

Na ce, "Awa goma sha uku na ce. Je ki ba yarinyar nan nono, tana kuka."